Batiran da Na Shanya a Rana

Shuuu… kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Ƙarar da rediyona ya yi ke nan a yammacin da na fi bukatarsa.

Shekarar ce aka tura maigidana aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya. Tun tafiyarsa ban ji muryarsa ba, don wayar hannu ba ta shigo gidanmu ba tukuna. A unguwarmu ta Zuru kusan kowane gida da soja, labari ba ya kwana. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Dabai mai ɗa a bataliyarsu, ta leƙo ta katanga ta ce wata tashar ƙetare ta naɗi gaisuwar sojojinmu, za a sa ranar Laraba bayan la'asar.

Ina idar da salla muka zauna a tabarma, ni da ita da ƙaramar ɗiyata. Muryar mai gabatarwa ta zo, ta tafi, ta nutse. Na murɗa, na ja eriya, har na haɗa ta da wayar shanya.

"Batir ne, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Ba shi rana ya sha, ya fi mu jin sanyi."

Haka muka saba yi. Na jera batiran a murfin tukunya inda sauran rana take. Da na mayar, shuuu ɗin dai ne, har shirin ya ƙare.

Washegari tashar ta ba da haƙuri. Wai masana sun ce rana kan huro wata iska, ba irin mai kaɗa ganye ba, in ta bugi can saman duniya sai ta rikita gajeren zango. Ƙaramar guguwa ce, in ji su. Ƙarama! Na yi tasbihi ga Mai rana, amma hawaye bai tsaya ba. Ashe wurin mai laifin na kai batirana neman magani.

Wani ɗan acaɓa ya ce shi a Mahuta ya tsinci "a gaida mai ɗakina a Zuru". Sojoji nawa za su faɗi haka? Na dai riƙe a nawa ne.

Kwana ɗaya bayan haka, da hantsi na tarar da ɗiyata a tsakar gida, ta kare ido da hannu tana kallon sama.

"Inna, ranar nan tana ganin Baba, ko? To, ki ce ta maido mana abin da ya faɗa."