Ruwan Karkashi a Bakin Randa

Mutanen tashar Jibiya da baki suka san ni. In ka hau bayan mashin ɗina daga kasuwa zuwa Magama, kafin mu kai shingen farko sai ka dara, ko da daga gidan makoki ka fito. Boko kuwa a aji biyu na sakandare muka raba gari, ba wanda ya yi kewar wani. To amma yau ba dariya na kawo muku ba. Akwai abin da na yi ina ɗan shekara tara, har yanzu in na tuna sai in ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwar Lahadi.

Kaka Hajo, wadda ta haifi Baba, mutuniyar ƙetare ce, wani ƙauye can bayan Ɗan Isa. Ba ta taɓa yarda akwai wani abu wai shi iyaka ba. Duk wata sai ta ɗora ƙullin daddawa a ka, ta ratsa gonaki da ƙafa, ta je ta gano ƙanwarta, ta kwana biyu ta dawo. In aka yi mata maganar jami'ai sai ta ce ta riga shingensu zuwa duniya.

Da an sauke tuwo bayan magariba, ba a kashe murhu a gidanmu. Kaka za ta jawo tabarma ta miƙe ƙafa wajen garwashi, mu jikoki mu zagaye ta, wani da kwanonsa ma bai gama lasa ba. Ita nata buɗin tatsuniyar daban ne. "Ga ta nan, ta ƙetaro ba takarda," haka take cewa. Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, masu tsaro sun tafi salla." Ni ne mijinta na wasa, kun san yadda jika yake da kaka. Tana kirana maigida marar gona, ina kiranta amarya mai haƙori uku. Tun da na yi wayo ban taɓa yi mata magana ba zolaya a ciki ba, ita ma haka. Kowa ya san wannan filin namu ne, ko Baba ba ya sa baki.

Sai maƙwabcinmu Malam Idi direba ya dawo daga Maradi da tele, wato talabijin. Yana haɗa ta da batirin mota a tsakar gida, kuma daidai lokacin tatsuniya ake sa katun, wasan nan na zane mai motsi. Da Faransanci suke magana, ba mai ji, kuma ba a bukata. Kyanwa ce dai take bin ɓera. A sakar mata dutse a ka ta baje kamar gurasa, ta girgiza ta koma daidai. Ta yi gudu ta wuce bakin tsauni tana taka iska, ba za ta faɗi ba sai ta duba ƙasa. Abu ya fashe mata a hannu ta yi baƙi ƙirin, ta ƙifta ido sau biyu, shi ke nan an wuce wurin. Cikin mako guda tabarmar Kaka ta koma daga ita sai ƙananan da ba su iya tsallake zaure ba.

Ni na fi kowa yi mata tsiya. Na ce mata amarya, kasuwarki ta watse, ke tatsuniyarki kura na faɗawa rijiya sai mutuwa, can kuwa ko jirgin ƙasa ya bi ta kan mutum tashi yake yi. Ran nan ta bi mu ta gani da idonta. Ta zauna a bakin ƙofa ta kalli guda ɗaya, ta ce ita abin da ya dame ta kyanwar nan ba ta da dangi ne, ana yi mata wannan aika-aika ba mai zuwa dubiya? Ta kakkaɓe zane ta koma gida. Muka yi ta dariya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓawon ayaba. A katun mutum na taka shi sai ƙafafu sama, ya yi juyi a iska, ya sauka tsuntsaye na zagaya kansa. Ina da wanda nake so in ga ya yi wannan juyin: Yaya Mudi, wana, mai ranƙwashina safe da yamma. Na tsinto ɓawo a tasha na ajiye masa a hanya. Ya taka ya wuce ko sani bai yi ba. Rairayin Jibiya ba ya santsi, kuma kafin in sake gwadawa akuya ta cinye kayan aikin.

Nan na zauna na yi lissafi irin na marar aikin yi. Wuri ɗaya ne mai siminti a tsakar gidanmu, ɗan dandamali a bakin randa. Baba ne ya shafe shi da hannunsa saboda mahaifiyarsa ta daina alwala cikin taɓo. Abu ɗaya kuma na sani da ya fi ayaba santsi, karkashin da Inna take jiƙawa don wanke kai. In ya jiƙu yauƙinsa kamar ruwa yake a ido. Wata Alhamis gab da magariba na ga ƙwaryar a bayan ɗaki, na san Yaya Mudi zai shigo daga ƙwallo da gudu ya yi alwala. Na tace ganyen, na malala yauƙin a kan simintin, na laɓe bayan buhunan gero.

Kaka ce ta fito da butarta.

Na gan ta. Taku shida ne ko bakwai tsakaninta da wurin, ina da lokacin da zan ce tsaya. Ban ce ba. Wani abu a cikina yana son ya ga yadda za ta kasance. Kuma abin ya kasance kamar a tele sak, ƙafafu sama, buta ta yi nata wuri, ɗankwali ya yi nasa. Na fashe da dariya. Dariyata kuwa ko cikin mutum ɗari ana gane ta.

Sai na tsaya ina jira ta tashi. Wallahi jira nake ta girgiza ta koma daidai, ta ɗauko muciya ta bi ni. Ba ta tashi ba. Wani ɗan nishi ta yi, siriri, irin wanda ban taɓa ji a bakin babba ba. Na zame ta zaure na gudu. Kun san ina na je? Gidan Malam Idi. Da aka sa katun na kutsa cikin yara na zauna, kyanwa na faɗowa daga bene ana shewa.

Da na dawo an riga an kira mai ɗori. Ƙashin ƙugu ne. Baba na tsaye a ƙofar ɗaki yana tambayar yadda aka yi, na jiyo Kaka daga ciki tana cewa ruwa ne a kan siminti, ga tsufa, ƙafa ta ɗauke. Washegari da sassafe Baba ya ɗauko guduma ya farfashe dandamalin nan. Da ya gama ya ce shi ya jawo wa uwarsa, da ya bar mata taɓonta da tana nan da ƙafarta.

Kwana kamar goma bayan nan ta sa aka kawo mata garwashi a kasko, ta aika a kira jikoki. Ni a bakin ƙofa na tsaya. Ta ce maigida ya matso, ko sabuwar amaryar tele ta hana shi zama da uwargida? Na matso. Ta buɗe kamar yadda ta saba, muka amsa.

Wai wani ɗan dila ne uwarsa ta mutu, wata tsohuwar tunkiya ta shayar da shi tare da 'ya'yanta. Da ya girma kura ta matsa masa, sai ya haƙa mata rami a hanyar rafi ya rufe da ciyawa. Kura ba ta biyo ba ran nan, tunkiya ce ta biyo. Dabbobi suka taru a bakin rami, zaki ya ce a faɗi wanda ya haƙa a yi masa hukunci. Tunkiya daga ƙasa ta ce ba kowa, ita ce ta ga rami ta ce bari ta gwada zurfinsa. Aka jawo ta, ƙafa ta karye, kowa ya watse. Dila ya tafi rafi ya wanke hannu, ya duba, jar ƙasar ramin na nan a ƙarƙashin farcensa. Ya wanke gobe, ya wanke jibi. Tun daga nan in yana cikin jama'a sai ya dunƙule hannu, in ana hira shi ne mai ba da dariya don kada a kalli ƙasa.

Ta hau gyara garwashi. Ƙanwata Ladi ta tambaya ko an kama shi. Kaka ta ce ba a kama shi ba. Ladi ta ce to me aka yi masa?

"Ba a yi mishi komi ba, ɗiyata. Shi ne abin da anka yi mishi."

Yaran suka ce wannan ba ta yi daɗi ba, ba a ko bugi kowa ba. Suka tashi suka nufi gidan Malam Idi. Ni na zauna. Na daɗe ina juya maganar a baki, da ƙyar na ce, "Kaka, ni ne..."

"Kai ne mijin da ko goro bai taɓa kawo mini ba," ta ce. "Na sani. Tashi ka miƙo mini ruwa."

Na miƙo ruwan. Na ce mata mai haƙori uku me za ta yi da goro. Ta yi dariya har ƙugun ya motsa ta cije leɓe. Haka muka rufe. Tsakanina da ita ba mu da wani yare sai wasa, kuma ta ƙi ta bar ni in koyi wani.

Ta tashi daga baya, da sanda, daga ɗaki zuwa inuwa. Gonakin nan ba ta ƙara ratsa su ba. Da ƙanwarta ta kwanta ciwo an aiko sau biyu, amma hanyar ƙauyen ta amalanke ce da mashin, ƙugun ba ya ɗaukar girgiza. Ta'aziyya ma aikawa ta yi. Bayan shekara uku ita ma ta bi ta, Allah ya jiƙansu.

Bara ne na kasa riƙewa. Inna na tsince shinkafa, na zauna kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga ɓawon ayaba. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wa nake tsammani ya wanke simintin? Ashe da ta fito ta samu Kaka a ƙasa, kafin Kaka ta bar ta ta kira maza sai da ta sa ta kwaso toka ta goge wurin tas, ta ɓoye ƙwaryar. Tana kwance da karyayyen ƙashi tana nuna mata inda yauƙi ya rage. Kaka ta ce in Baba ya ji, abin da zai yi wa yaron nan ba zai gyaru ba, kuma ta ɗaure Inna da alkawari.

"Alkawarin ni ya ɗaure, bai ɗaure ka ba," in ji Inna. "Mahaifinka na zaure. Shekara goma sha nawa yana cewa shi ya karya uwarsa."

Na tashi na shiga zaure. Baba na kan buzu yana jan carbi, gemu ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce lafiya dai? Na buɗe baki. Abin da ya fito labarin wani fasinja ne da na ɗauko, wanda ya ɗaura wa rago hula da tabarau don ya wuce shinge a matsayin ƙanensa. Baba ya yi dariya har da tari, ya share ido, ya ce kai dai Sagiru Allah ya shirye ka. Na ce amin.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gori ce Kaka ta yi mini a fakaice. Da na ƙara girma na ce a'a, yafiya ce. Yanzu ban san wanne ba ne, wataƙila dai faɗa mini take yi abin da ke gabana. Ita ta biya nata da ƙafa ta gama. Wanda har gobe yake biya shi ne tsohon da ke zaune a zauren nan, kuma ni kaɗai zan iya sauke masa. Kullum da safe ta gabansa nake turo mashin. Yana ce mini Allah ya tsare hanya, ina ce masa wani abin dariya, in fita.