Kwalin Maganin da Na Ba Gwaggo

Lokacin da abin ya fara ina ɗaliba a kwalejin horon malamai, yarinya mai shiru da kan wuni da littafin waƙe a hannu ta manta da cikinta. Ba na karyawa da safe, sai rana ta take in sayi awara in lafta mata yaji. Da ƙwannafi ya matsa mini, har ina jin kamar an ajiye garwashi a ƙirjina, na je asibiti a nan Daura. Likita ya rubuta mini kafso mai rage tsamin ciki, ya ce in sha na 'yan makonni in dawo. Wutar ta mutu tun a makon farko, ni kuwa ban koma ba.

Da maganin ya ƙare ƙunar ta dawo, sai na yi abin da kowa ke yi a unguwarmu: na kai kwalin kemis na ce a ba ni irinsa. Ba a tambaye ni komai ba. Tun daga ranar kwalin ya zama likitana. Na gama karatu, na fara koyarwa, shekaru suna wucewa, da kafso nake buɗe safiya, da azumi kuma da shi nake rufe sahur.

Ina da gwaggo a Zango, wadda ke kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. Ta zo mana suna wata shekara, na ga tana dafe ƙirji bayan ta ci tuwo ta bi da goro. Na yago gefen kwalina mai sunan maganin na ba ta. Ta ƙulle shi a haɓar zaninta, tana sa mini albarka, tana cewa yau bokon Uwata ya yi rana.

Bara jiri ya fara ɗibata a gaban allo, cikina kuma kullum a cushe. Aka ce jinina ya yi ƙasa, aka tura ni Kano, aka zura mini siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro. A hoton na ga cikina ja-ja kamar tsakiyar gwaiba, ga ƙananan tsiro sun feso a jikinsa kamar an watsa gero. Likitar ta tambaye ni tun yaushe nake shan kafson. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce daɗewa a kansa kan haifar da irin wannan tsiron, yawancinsu ba ciwon daji ba ne, amma sai an gwada. Kwanakin jiran ban iya karanta ko baiti ɗaya ba. Sakamako ya fito lafiya, aka janye ni daga maganin sannu a hankali, na sha ƙuna wata da watanni.

Da na ɗan warware na hau mota zuwa Zango. Na tarar Gwaggo ta rame, loma biyu take yi ta ture kwano, ta ce haƙora ne. Na ba ta labarina duka, na roƙe ta ta bi ni asibiti. Ta yi dariya, ta ce ita da ta tsufa, wace shuka ce za ta tsira a busasshiyar gona irin tata, kuma ba wanda zai zura mata igiya a wuya kamar akuya. Ta ce maƙwabtanta ma duk sun ari kwalin, suna gode mini. Na ce to ta ba ni abina. Ba musu ta kwance haɓar zani ta miƙo mini shi, ya yi laushi, rubutun ya goge. Ta ce in riƙe, ai mai kemis ya riga ya san fuskarta.

Har yau ba ta yarda ba, ni kuma ban daina zuwa ba. Na gane cewa ciwon da aka rufe wa baki yana nan, magana kawai ya daina. 'Yan uwa, idan likita ya ce ku dawo, ku koma. Wanda ya daɗe kan wannan magani kada ya yanke shi kwatsam, ya je a duba shi. Kuma kada ku ba kowa kwalinku, komai ƙaunarku gare shi. Ni na karɓo nawa, amma ban karɓo komai ba.