Kifin Baba Sumani Na Farkon Shekara

Ranar wata Asabar a farkon Mayu, wasu maza majiya ƙarfi suka kewaye wani tsoho mai shanyayyen hannu a bakin ruwan Soundview, nan New York, suka kifar masa da bokiti, suka ɗauke shi bidiyo suna kiransa ɓarawon kifi. Suka saka bidiyon a shafin ƙungiyarsu ta masu fatsa, har yau yana nan. Tsohon nan Baba Sumani ne, maƙwabcina, ƙofarmu na kallon juna a hawa na huɗu. Tun ranar ƙafarsa ba ta sake taka waje ba.

Tunda ba wanda ya tambayi ko shi wane ne kafin a zage shi, bari ni in faɗa.

A Yeji aka haife shi, ƙasar Gana, bakin tafkin Volta, mahaifinsa masunci. Yakan ce ya iya ɗaura ƙugiya tun kafin ya iya ɗaura mazagin wando. Da ƙuruciyarsa ya zo New York, ya ja tasi, ya yi dakon doya da manja a wani shagon kayan Afirka a Concourse Village har bayansa ya ƙi. Yaransa suna Ohio, in ya yi musu Hausa su amsa da Turanci. Matarsa Hawawu, Allah ya ji ƙanta, ta rasu, ba a daɗe ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni na same shi yashe a kicin. Da aka sallamo shi daga asibiti ba ya magana, ba ya ci. In na dawo daga aikina na kula da tsofaffi in kai masa tuwo, washegari in ɗauko kwanon yadda na ajiye shi.

Ruwa ne ya tashe shi. Likita ta ce ya riƙa tafiya, shi kuwa bai iya tafiyar banza ba, sai ya tono tsohuwar sandar fatsarsa ya hau bas zuwa bakin ruwa. Akwai wani kifi mai baƙin ratsi a jiki da yake shigowa idan sanyi ya saki gari, Turawa na ce masa striper, shi yana ce masa giwan ruwan Amerika. Saboda kifin nan Baba Sumani ya koma aske gemu, ya koma jam'i, ya koma tsokanata.

Masu neman kifin iri biyu ne. Akwai irinsa, su saka yankan ɗanyen kifi a ƙugiya, su jefa, su zauna kan bokiti suna jira, in Allah ya ba su guda ɗayan da doka ta yarda su kai gida a yi miya. Akwai kuma masu takalmin roba har ƙirji da ɗan kifin roba a ƙugiya, suna jifa suna ja, in sun kama su sake shi. Bai taɓa raina su ba.

"Maman Ilham, ka ga mutanen nan?" Haka yake ce min, Hausarsu ta zongo ba ruwanta da mace ko namiji. "Su kama kifi, su yi masa hoto, su ce sai an jima. Abin na ba ni mamaki paa."

Na ce, "Baba, ai wahalar banza ce."

"A'a, kar ka ce haka. In kowa ya ci kamar ni, me jikoki za su kama?"

A gidansu a Yeji, kifin farko na shekara ba a shiga da shi gida a ɗungume. A nan bakin ruwa ake yanka shi a raba wa duk wanda ke tsaye, sani ko rashin sani. Bara a inda ya saba zama ya raba nasa, masu Sifaniyancin da ke wurin suka karɓa da murna. Bana an katange wurin ana gyara, sai ya matsa gaba, ya faɗa inda 'yan ƙungiyar nan masu sakin kifi suke. Da hannu ɗaya ya ja kifin. Ya gwada shi da tef kamar kullum, ya ga ya cika tsawon da doka ta yarda, ya yi bisimilla ya fitar da wuƙa. Ya ɗauki tsakiya, inda tsoka take, ya miƙa wa wani saurayi da ya ji yana waya da Hausa. Sunansa Faruƙ, ɗan Najeriya ne kamar ni, yana aikin kwamfuta a wani asibiti.

To, a dokar nan ba a cire wa kifin kai ko wutsiya a bakin ruwa, don kar a ɓoye tsawonsa. Na yarda, Baba Sumani ya yi kuskure, bai sani ba. Amma da baki ake gaya wa mutum. Su sai ihu, wani ya sa ƙafa ya shure bokitin, kifin ya watse cikin duwatsu. A bidiyon ana ganin tsohon tsaye da yanka ɗaya a hannu, yana ta miƙawa, ba wanda ya karɓa. Wayar da ta ɗauka kuwa ta Faruƙ ce.

Na tare Faruƙ a ƙofar masallaci ranar Juma'a.

"Anti, wallahi ba ki gane ba. Kifin nan ƙarewa yake yi, mu conservation muke yi, kare shi muke yi."

"Kai ka fi shi jin Hausa ko shi ya fi ka?"

"Anti, ba maganar yare ba ce."

"Maganar yare ce mana. Kai kaɗai za ka iya ce masa, Baba, nan ba a yankawa. Sai ka ɗaga waya."

Ya ce zai yi magana da admin, mai kula da shafin. Ya shige mota.

Bidiyon ya kai Ohio, ya kai Yeji. Ƙanensa ya bugo daga can yana tambaya wai da gaske sata yake yi a Amerika. Yanzu labulen Baba Sumani a sake yake rana tsaka. Kwanona ya koma dawowa a cike. Maganin hawan jininsa sai na tsaya a kansa yake sha. Jiya na ce ya taso in raka shi ko bakin titi ne, ya ce, "Ka bar shi, kowa ya san fuskata." Aikina kenan kula da tsofaffi, na san kamannin mutum in ya fara sakin duniya. Na gani a gidan nan sau ɗaya. Ba na jin jikinsa zai ɗauki na biyu, ni kuma dabarata ta ƙare.

Ban ce ku daina sakin kifinku ba, ku yi ta saki. Amma Faruƙ, kai da shugabannin ƙungiyarku, ku sauke bidiyon nan yau, ku rubuta a shafin da kuka zage shi cewa ba ɓarawo ba ne. Kai kuma ka zo da ƙafarka, ba a waya ba, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda aka koya maka a gida, ka bayyana masa dokar da Hausa, ka sauko da shi daga benen nan. Ka zo kafin Asabar.