Layin Farko da Hamman Ya Sa wa Hannu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Dokta Hamman makwancinsa a Yola Gari, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba haka ake buɗe tunawa da aboki ba, amma na gaji da ɓoyewa.

Tare muka koyar a jami'a. A lokacin shugaban jami'a ne ke naɗa shugabannin sassa, ya ɗora wanda ya ga dama, ya sauke wanda ya ɓata masa rai. Ni na zauna a gidana na unguwar Luggere, na yi sati uku ina rubuta takardar neman a bar malamai su zaɓi nasu. Kowace kalma tawa ce.

Sai dai muna da wata al'ada. In takardar koke tana zagayawa, ba mai sa hannu a layin farko, don shi ake ɗauka a matsayin uban tafiya. Kowa sai ya bar sarari a sama. Ni mai takarda na lallaɓa na sa nawa a layi na bakwai. Hamman ne na ƙarshe da ta isa gare shi, ya ga saura layi ɗaya, wato na farkon, ya rattaba hannu ko shafi na biyu bai karanta ba.

Shi aka kira gaban majalisar jami'a, shi aka hana ƙarin girma shekara da shekaru. Da gyaran ya tabbata kuma, shi aka ɗaga. Yau malaman da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna cewa "tsarin Hamman", ni kuwa sai su gaishe ni su wuce. Abin yana ci mini rai.

Yanzu ga shi an sake tayar da muhawarar. Wasu na cewa zaɓe ya raba malamai gida-gida, kowa na bin ɗan garinsu ko na addininsu, gara a koma naɗi. Kowane ɓangare na rantsuwa da abin da Hamman zai ce. Ni da na san shi, ina jin dariya kawai zai yi, ya tambayi wa ke da biro.

Da yake jinya na je duba shi, na daure na ce masa ni na rubuta takardar.

Ya ce, "Soobajo," wato aboki da Fillanci, "ai na sani. Wa ke dogon Turanci irin naka? Ranar da suka tsare ni a majalisa kana kujera ta uku. Na yi ta duban ka ko za ka tashi."

Abin da ya rage na Hamman ke nan a wurina. Ba hikimar nake kishi ba, wannan tawa ce. Tsayuwar da ya yi shi kaɗai nake kishi, bai kuma taɓa ambatar sunana ba. Yau na faɗa a jarida, bayan na yi ritaya, lokacin da ba wanda zai iya yi mini komai. Na san kuma shi ya sa ba wanda zai damu.