Alhamis ɗin da na biya wa Inna abinci

Mun tashi da asuba, irin asubar bazarar Ingila da ke zuwa tun mutum bai gama gyara kwanciya ba. Na sauko ɗiban ruwa sai na tarar da Inna, mahaifiyata, a kicin tana shan kunu a tsaye. Na ce, "Haba Inna, kada ki cika ciki, yau fa an riga an biya miki abinci." Ta yi murmushi ta wanke kofinta.

Daga Kano ta zo mini wankan jego, kuma tun da ta sauka Birmingham tukunyar gidana ba ta huta ba. Ga shi saura 'yan kwanaki ta koma. Burina ɗaya ne a wannan tafiya: Inna ta zauna a kawo mata abincin da ba ita ta dafa ba, ta ci ta tashi ba ta wanke kwano ba. Shi ya sa na kama mana kwana ɗaya a wani wurin shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa da otal a ciki, tsakaninmu da Manchester. Na haɗa da tsarinsu na abinci, wanda ake biya tun daga gida, a ɗaura wa mutum wata roba a hannu, duk gidan abincin da ya shiga sai ya nuna kawai. Na zaɓi Alhamis don tsakiyar mako ya fi arha. Da Inna ta fara ƙulla dambun nama na guzuri, na rantse ba za a tafi da shi ba.

Mun bar unguwarmu Sparkbrook shaguna duk a rufe, sai mai gidan burodi ke ɗaga ƙofa. A babban titin arewa mun sha gyaran hanya, daga baya muka faɗa cikin gonaki. Inna ta daɗe tana kallon tumaki, can ta ce ikon Allah, dabba a sake babu makiyayi babu ɓarawo. A bakin ƙofa muka haɗu da yayana da matarsa, sun taso daga Manchester. Kafin a gama gaisawa yaransa da nawa sun fara tsokanar juna, kowa na cewa Turancin ɗan'uwansa ne karkatacce.

Gaskiya da farko na yaba wa kaina. Kuɗin gorar ruwa ɗaya a ciki ya isa katan a unguwarmu, ga 'yan samarinmu kuwa duk saukowa daga lilo sai su ce yunwa. Sun ci haƙƙinsu har da na maƙwabta. Sai dai wuri ɗaya ne kacal ke da kazar halal, layinsa kuma har waje. Sauran duk kifi ne da soyayyen dankali, har maigidana ya ce in aka ƙara masa kifi zai fara iyo a kan hanya.

Da rana Inna ta ce mu ci, ita za ta riƙe jaririya. Bayan azahar ta ce sai anjima. Da la'asar ta yi raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya jira. Na bi layin nan da kaina, na cika faranti na dire a gabanta, na ce yau ko me za a yi sai ta ci.

Ta dube ni ta ce a hankali, "Yau Alhamis ce, 'yar nan."

Matar yayana ta ce, "Kai, ai Inna ba ta shan azumin Litinin da Alhamis."

Kunun asuba ashe sahur ne. Wata da watanni tana gidana tana yi mini farfesu da kunun kanwa da azumi a bakinta, ni ina ci ina barci, ban taɓa lura ba. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ta ga ina ta murna ne. Yayana ya ce ai nafila ce, tana iya karyawa. Na ga ta miƙa hannu wajen cokali don kawai ta faranta mini, sai na janye farantin. Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Nan aka zo inda tsarin ya gaza. Gidajen abincinsu na rufewa tun rana na sama, magaribar bazara kuwa sai ta ga dama. Na roƙi wata ma'aikaciya ta ƙunsa mana, ta ce dokarsu a ci a nan ne, ba a fita da shi. Ta ba ni haƙuri har sau biyu, kuma na ga abin ya dame ta. Haka Inna ta sha ruwa a ɗakin otal da dabinon da ta ɓoye a jaka, da shayi, da ɗan biskit ɗin da ake ajiyewa gefen buta, robar nan tana hannunta. Dambun da na hana yana can Sparkbrook. Washegari ta ɗanɗana wakensu na karin kumallo ta ture, ta ce wane mai ƙarfin hali ne ya zuba wa wake sukari.

Mun iso gida kafin sallar Juma'a. Masu tambayata ko tsarin ya cancanci kuɗinsa, in kuna da samari masu ci, ya biya. Amma ku tambayi inda halal take, ku tambayi lokacin rufewa, ku kuma tambayi tsofaffinku kafin ku zaɓi rana.

Ran Litinin, ana gobe za ta hau jirgi, na riga ta sauka kicin na dama kunun sahur. Ta zauna na miƙa mata. Ta kurɓa ta ce tsamiya ta yi yawa, amma ta shanye tas, ta bar mini kofin na wanke.