Haruffa Uku na Malam da Ƙafafun Ɗan Fari

Lokacin da aka tura maigidana koyarwa Kazage, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, ɗana na fari ya shekara ɗaya da rabi bai taka ba. Rarrafe kawai yake, sai ka ce kunkuru. Ga shi ɗan fari ne, kunya ta hana ni ko kiran sunansa, balle in tambayi uwar mijina, Inna, ko ƙafafunsa lafiya. Sai na sami tsohon littafin rubutu, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, ina zuba damuwata kullum. "Yau ya dafa turmi, ya zauna." "Ɗan maƙwabciyarmu Bagwariya, ƙaninsa ne, har kaji yake kora."

Malam kuwa, maigidan nawa, mutumin lissafi ne. In ya gama warware wata matsala sai ya rubuta Q.E.D. a ƙasa, ya ja layi, ya hura hanci. Wai Latin ne, ma'anarsa abin da ake son tabbatarwa ya tabbata, magana ta ƙare.

Ranar da ya ga littafina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke naki lissafin ba ya ƙarewa? Kawo. Duk gidanmu ba ma tafiya da wuri. Yaron nan ɗan gidanmu ne. Saboda haka lafiyarsa lau." Ya dangwara haruffansa uku.

Na ce, "Malam, shi yaron ya iya Latin ɗin?"

Wata hantsi muna surfe da Inna, na ga yaro ya miƙe, ya yi tangaɗi kamar ya sha burkutu, ya bi ta zaure ya nufi hanyar daji, inda birai ke saukowa satar masara. Na so in bi shi, amma ina ni ina bin ɗan fari a gaban suruka?

Na ce, "Inna, kamar akuyarki ta fita."

Ta leƙa. "Mai ƙafa biyun? To ki rantse ba ki san ta ba." Ta yar da taɓarya ta kwasa da gudu, tana guɗa.

Da yamma Malam ya buɗe littafin ya nuna mini haruffansa, ya ja musu layi na biyu. Na bari ya fita masallaci, na rubuta a ƙarƙashinsu: "Ya taka, alhamdulillahi. Amma ƙafar hagu kamar tana ɗan karkacewa."