Fuskar Papa Ayine da Ba Mu Ɗauka Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Papa Akolgo Ayine a wani asibiti a nan Accra, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, ya bar matarsa Mma Adukpoka da 'ya'ya uku da jikoki. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne dattijon da ya shafe shekara arba'in yana saƙar kujerun ken, wato siraran sandunan nan da ake lanƙwasawa, a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na bakin titin Alajo. Ga waɗanda suka san shi kuma suka yi kamar ba su sani ba, da ku nake a wannan rubutu, kuma ina cikinku.

Papa, labarin rasuwarka a Milan ya same ni. Mu goma sha huɗu ne, 'yan ƙungiyar masu zanen kayan ɗaki, mun je bajekolin da muke zuwa duk shekara. A daidai lokacin da saƙon ya shigo wayata muna kan layin hawa rufin babbar majami'ar garin don ɗaukar hoto. Na juya na faɗa wa shugabanmu, Kwamena Esilfi.

Ya ce, "Wane Ayine kuma?"

Na ce, "Wanda ya saƙa kujerar da ka kawo."

"Af, tsohon nan namu. Lallai an yi rashi." Ya gyara zaman gilashinsa, ya dubi layin. "To, 'yar'uwa, mu hau mu sauko tukuna, tunda an riga an yanki tikiti."

Muka hau, Papa, har da ni. Washegari a zauren taro Kwamena ya nemi a yi maka shiru na minti ɗaya. Ya sa rigar fugu, saƙin gargajiya na arewa, wadda ba ya sawa sai in ya tsallaka teku, ya dafa ƙirji, ya gaya wa Turawa cewa ya rasa uba. A allon da ke bayansa aka haska hoton hannuwanka biyu suna lanƙwasa ken. Mutane suka share ƙwalla, aka tafa masa, wata mata daga wata mujalla ta nemi ganawa da shi. Da yamma aka tafi cin taliya a bakin ruwa.

Kwana biyu da dawowarmu 'yarka Ayinpoka, wadda ke aikin jinya a Tamale, ta kira ni. Ta ce an tsayar da ranar jana'iza, za a buga takardar sanarwa da za a manna a bango daga Alajo har garinku Bolga, kuma mai maɗaba'a ya ba su zuwa Juma'a.

Ta ce, "Anti Naa, hoto muke nema. Ambaliyar nan ta cinye mana duk na gida, na katin shaidarsa kuwa duk ya dushe. Ku da kuka yi shekara da shekaru kuna ɗaukarsa, ki taimaka mana da guda ɗaya mai kyau. Wanda fuskarsa ta fito sosai."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kafin la'asar zan turo mata goma ta zaɓa. Da gaske nake a lokacin.

Shekara goma sha tara ke nan da na fara zuwa wurinka. Na fito daga jami'a da takardar shaida da girman kai, na shimfiɗa maka zanen wata kujera mai ƙafa uku. Ka duba, ka ce ba za ta tsaya ba. Na ce maka ni na yi karatun abin. Ba ka yi musu ba. Ka saƙa ta daidai yadda na zana, ba ragi ba ƙari, ranar da na zo karɓa ka ce, "Bismillah, Uwar Fensir, ke za ki fara zama." Na zauna, kujera ta tafi da ni baya, sai ji na yi ka tare ni da hannu ɗaya, ashe dama kana tsaye a bayana kana jira. Ba ka yi mini dariya ba, ko da yake duk masu saƙar da ke ƙarƙashin bishiya sun yi. Ka jawo wata kujerar daga bayan rumfa, irin tawa ce sak, sai dai ka karkatar da ƙafar baya da kamar yatsa biyu. Ita ce kujerar da ta fara kai ni ƙasar waje, kuma sunana kaɗai aka rubuta a jikinta.

Lokacin da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ban roƙe ka komai ba. A bakin wani ka ji. Ka hau motar haya biyu ka zo har Teshie, ka gaishe ta, ka nemi izini ka auna bayanta da taƙi, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Bayan mako guda ka dawo da kujera a ka, mai tudu a gefen da jikinta ke zubewa. A kanta ta yi shekara huɗun da suka rage mata, tana kallon titi tana yi wa masu wucewa faɗa. Ranar da muka binne ta ka zo da baƙaƙen kaya, ka yini kana jera wa baƙi kujeru kamar ɗan gida.

Ban taɓa zuwa rumfarka da rana ba tare da ka turo mini kwanon wake da shinkafarka ba. In na ce na ƙoshi, sai ka ce, "Ci dai, masu zane ba sa ƙoshi, shi ya sa kujerunku ba sa ɗaukar mai ƙiba." Duk wanda ya sauka daga motar Bolga ba shi da masauki, wurinka ake nuna masa. Rabin masu saƙar titin nan a hannunka suka koya, kuma ban ji wanda ka taɓa kora ba.

Mu kuwa, Papa, bari in gaya maka abin da muke yi a can, tunda ba mu taɓa tafiya da kai ba. Muna rataya katin suna a wuya, mu yi ta zagaya zaure da kofin shayi muna musayar lambar waya da mutanen da ba za mu sake kira ba. In aka ba mu minti goma a kan mumbari, bakwai a ciki na labarin masu sana'ar hannu ne, yadda muke zama da su a ƙasa, yadda muke cin tuwo a kwano ɗaya. Selasi Dzokoto, ma'ajiyar kalamanmu masu daɗi, ta taɓa cewa a Lisbon ita a gindin bishiyarka ta girma, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa sauke gilashin motarta gaba ɗaya a Alajo ba. Da an tashi daga taro sai yawon buɗe ido. Mun san wace gada ce ta fi kyau da hantsi, mun san shagon da ake rage kuɗin takalma, mun san inda ake tsayawa a fito kamar an tallabe hasumiya. Kowace shekara a taron shirin tafiya wani zai ce ya kamata bana a tafi da Papa Ayine, kowa ya gyaɗa kai, a rubuta, sannan kujerar jirgin ta faɗa hannun matar wani.

Sau ɗaya ka tambaye ni. Ka ce, "Uwar Fensir, wai a can ɗin zama suke yi a kai, ko kallo kawai?" Na ce maka kallo ne, an ma kewaye ta da igiya. Ka ce, "To ai ba su san ko tana da kyau ba."

Da na ajiye wayar Ayinpoka na rubuta a zauren ƙungiya na waya cewa ana neman hoton fuskarka. Ba a yi minti biyar ba hotuna suka fara zubowa. Kwamena ya turo wanda aka haska a Milan, ya ƙara da cewa wannan ya taɓa cin lambar yabo. Wani ya turo hannunka riƙe da wuƙa. Wani ya turo hannunka cikin bahon da kake jiƙa ken. Selasi ta turo nata hoton, tana murmushi har kunne, a gefe ana ganin kafaɗarka da rabin kunne. Na sake rubutawa cewa fuska ake nema. Sai Kwamena ya kira ni.

"Naa, ki fahimtar da yarinyar nan mana. Fuska ai kowa yana da ita. Hannun nan shi ne mutumin. Mu za mu tsara musu takardar kyauta, baƙi da fari, hannu a tsakiya, ba tarkacen furanni. Za ta zama abin nunawa."

Na ce, "Nunawa a ina?"

"A ko'ina. Ko a taron Kofanhagan ma, a watan Yuni."

Selasi kuma ta ba da shawarar a ba na'ura hoton katin ta ƙirƙiro fuska mai kama da taka, wai ba wanda zai lura. Waɗannan su ne mutanen da ke tashi a gaban duniya suna magana da yawunka. Ban taɓa raina wasu mutane kamar yadda na raina su a wannan yini ba, kuma rainina ya daɗe har zuwa lokacin da na buɗe tawa ma'ajiyar.

Hoto ɗari shida da ashirin da bakwai nake da su a ƙarƙashin sunanka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ga tabon wuƙa a babban yatsanka na hagu, na ga farcen da ya tsage bai sake haɗuwa ba, na ga zoben azurfarka tun yana sabo har ya siranta. A wasu an kama haɓarka, a wasu ƙeyarka da hular ulu. Sai na tuna da muryata, ni da kaina, ina tsaye bayan mai ɗaukar hoto ina cewa, "Papa, ɗan sunkuyar da kai, hannun muke so." Kai kuma ka sunkuyar. Shekara goma sha tara kana sunkuyar mana da kai, ba ka taɓa tambayar dalili ba.

Na ce to ai ni mai zane ce. Na ɗauki fensir ranar Alhamis da safe na zauna. Hular ta fito, kunnuwa suka fito, furfurar gemu ta fito. Da na zo idanu sai hannuna ya tsaya. Na rasa ko girarka a haɗe take ko a rabe. Na rasa a wane kunci tsagenka yake, dama ko hagu. Na yi zane shida, na zaɓi wanda ya fi dama-dama, na nufi Alajo.

Na tarar da Mma Adukpoka zaune a tabarma cikin mata, Ayinpoka na gefenta. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi gaskiya cewa ban samu hoton ba, na miƙa zanen. Mma ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya ga 'yarta.

"Wannan wane ne?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, so take ta sani. Ayinpoka ta karɓi takardar ta mayar mini, ta ce, "Anti, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Za mu sa na katin." Aka kawo mini ruwa, na sha, na tashi.

Takardar ta fito. Tana manne yanzu a jikin darbejiyarka da bangon tasha da ƙofar majami'arku. An faɗaɗa hoton katin har ya zama dishi-dishi, kamar ana hangen mutum ta gilashin mota ana ruwa. Masu wucewa suna tsayawa su karanta sunan kafin su gane ko wane ne. Wannan aikinmu ne, mu ƙwararrun tsara abin kallo.

Za a yi jana'izarka ranar Asabar, shida ga watan Yuni, a gida Bolga. Kwamena ya aiko da uzuri, ranar ta ci karo da taron Kofanhagan, kuma an riga an sa sunansa a jerin masu jawabi. Mutum goma sha ɗaya za su raka shi. Na ji an ce jawabin a kanka ne. Ba na roƙon kowa ya fasa tafiya, zuwansu ba zai ƙara maka komai ba. Abu ɗaya nake nema a wurinsu: in sun haska hannun, su faɗi sunanka cikakke, Akolgo Ayine, in har sun iya tuna shi ba tare da sun duba takarda ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mma Adukpoka, da Ayinpoka da ƙannenta biyu, da jikoki, da dangi na Bolga, da masu saƙar titin Alajo waɗanda suka rasa malami kuma uba na gaskiya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda Papa yake tsaya muku. Ku yafe mana in za ku iya, in ba za ku iya ba kuna da hujja.

Kai kuma Papa, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya saka maka da alherin duk bayan da ka tallafa. Ayinpoka ta ce da safiyar ranar za a buɗe akwatin na sa'a ɗaya kafin a rufe, mutane su wuce a layi su yi bankwana. Zan kasance a layin, ba waya a hannuna. In na iso gabanka zan tsaya, ko da na bayana sun ƙosa, in dubi fuskarka har sai na san ta. Allah ya sa ka huta.